Bokan Bakin Tafki

Haliru Sakatare ya ce ni boka ne. Ba a ɓoye ya faɗa ba, a ƙofar masallaci ya faɗa ranar Juma'a, jama'a na fitowa. Ya ce Ummaru Mai Sanda, wato ni, na ƙulle-ƙulle a daji, yana tofa musu yawu yana magana ƙasa-ƙasa, shi ya sa duk baƙon da ya zo yawon bakin tafki ba ya gane hanya sai da shi. Bayan kwana uku ƙungiyar ci gaban gari ta kira ni ta ce in aje aikin jagora. Shekara goma sha bakwai ina kewayawa da iyalan mutane a dajinmu na gaba da Rimawa har bakin ruwan Goronyo, ban taɓa mai da ɗan kowa gida da ciwon da ya wuce ƙaya ba. Amma da buɗe baki guda mutumin nan ya mai da ni wanda mata ke jan ɗiyansu cikin gida in ya gitta.

Ku samarin da ke zama gindin darbejiya kuna cewa aikin Ummaru ai yawo ne, kowa ya iya yawo, ku nake yi wa wannan rubutu. Karatuna aji biyat ne na firamare. Inda rubutun ya karkace ku miƙe shi da idonku, maganar dai a miƙe take.

Jakai nake korawa da farko, ina kai albasa da tafarnuwa kasuwar Wurno. Na yi gemu kafin in shiga wannan sana'a. Akwai wani tsohon maharbi a garinmu, Baba Tukur, wanda ya rataye bindigarsa don nama ya ƙare a daji, idonsa kuma ya fara hazo. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake turowa daga wasu jihohi su ne sunka fara roƙonsa. Ranar Lahadi in sun taso daga coci ba su da wurin zuwa, sai su ce Baba kai mu mu ga ruwa, mu ga tsuntsaye. Shi ya riƙa kai su, ni na riƙa ɗaukar musu jarkar ruwa a kan jakina. Wata biyu bai ce mini komi ba sai "taho" da "tsaya". Ran da ya fara koya mini, a bakin laka ya tsaida ni ya ce, "Taka nan." Na taka, na nutse har gwiwa. Ya yi tahiyarsa ya bar ni. Da na fito na cim masa a inuwar gawo yana cin goro, ya ce, "Yanzu ka san ta. Kullum in na hwaɗa maka da baki mantawa kaka yi."

Ku gane wannan laka, don duk labarin a kanta yake. Tafkin nan ba ya zama wuri guda. Da damina ya cika ya hau gonaki, da rani a riƙa sakin ruwa ga masu noman fadama, sai ya ja baya kaɗan-kaɗan. Inda ya janye yana barin baƙar laka. Rana ta gasa samanta ta yi ɓawo mai tsage-tsage kamar ƙanzon tukunya, ka rantse fili ne na buga ƙwallo. Kaza za ta bi ta kai lahiya lau. Akuya in ba ta da ciki za ta wuce. Mutum kuwa taku goma ne, ɓawon ya fashe, ƙasa ta riƙe shi. Kuma inda ya bushe sarai a wannan wata, ba nan ne ya bushe a watan jiya ba. Hanyar bakin ruwa kullum tahiya take, mai jagora yana bin ta a baya yana gyara.

To da mi za ka yi alama a hanyar da ke tashi? Baba Tukur da kaba yake yi. Kaba na ko'ina a dajinmu, rani da damina tana nan, ba ta faɗuwa, dabba ba ta damu da ita ba. Ka kama ganye guda ka ƙulla shi a jikin uwarsa. Ƙulli ɗaya, hanya ce, bi. Ƙulli biyu, gonar mutane ce gaba, kewaye, kada a tattake musu albasa. Ƙulli uku, laka ce, ko uwarka ta kira ka daga can kada ka taka. In ruwa ya ja baya ka kwance tsohon ka ƙulla sabo. Sai dai kabar rani busassa ce, ka lanƙwasa ta haka nan ta tsage. Dole ka guntsi ruwa ka fesa mata da baki ta yi laushi, kamar yadda masu saƙar tabarma ke yi. Wannan ne tofin da Haliru ya gani. Maganar ƙasa-ƙasa kuwa ƙidaya ce. Taku nake ƙirgawa daga inuwa zuwa inuwa, don in san inda ƙaramin yaro zai gaji. Ni ban iya ƙirga a zuci ba, sai leɓena ya motsa.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na Malam Bitrus ne, mutumin Zuru, malamin lissafi, da matarsa da ɗiyansu huɗu. Munka kama hanyar da ke bi ta cikin sabara ta ɓulla wajen tsamiya uku. Ba mu yi nisa ba matar ta ce, "Malam Ummaru, da saura?" Na ce, "Kusa ne, Madam, nan-nan ne." Haka muke cewa a ƙauye, ko Rabah mutum zai tahi a ƙasa sai a ce masa nan-nan ne. Sau huɗu tana tambaya sau huɗu ina cewa kusa ne. A na biyat ta zauna a ƙasa ta cire takalmi ta ce ita ta iso, tunda kusa ne tafkin ya ƙaraso ya same ta. Na dawo da yaro ɗaya a wuya, ɗaya a baya, jakar matar a haƙorana. Da na ba Baba Tukur labari, ya yi dariya har goro ya shaƙe shi. Ya ce, "Kusan wa? Kusanka ko kusan ƙahwar da ta fi ƙanƙanta? Hanyar iyali da ƙahwar autansu aka auna ta, wawa." Tun daga ranar ban sake ce wa baƙo kusa ne ba. Sai in ce saura inuwa uku. Yara na son wannan, suna ƙirga itatuwa da kansu suna gardama.

Kayan aikin ba su da yawa, amma ku bar ɗaya a gida ku ga. Sanda ce babba, gora mai ƙarfe a gindi. Da ita ake dukan ƙasa ana saurare: busassar ƙasa ƙara take yi a taƙaice, ɓawon laka kuwa amsawa yake kamar ka buga tulun da babu ruwa. Da ita kuma ake kaɗa ciyawa gaba, don abin da ke kwance ciki ya ji ya ba da wuri. Sai adda ta sare reshen farar ƙaya, ba daidai kanka ba, daidai idon yaro. Sai matsefata a rataye a wuya, don ƙarangiya da tsidau ba su san ɗan babban mutum ba. Sai jarka biyu, ɗaya ta sha, ɗaya ta alwala da wanke hannu. Sai tabarmar kaba. Sai ƙuli-ƙuli a aljihu, wanda ya fi duk sauran aiki, don yaron da ke tauna ba ya kuka. Sai ido. Ka duba sawun shanu: in garke ya zo wuri ya karkata ba dalili, akwai dalili, kai ma karkata.

Wani Alhaji ya taɓa zuwa daga Sakkwato ranar yawon salla, da babbar riga ta shadda da takalmi sau-ciki mai ƙyalli, da mata da ɗiya cike da mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, a rage rigar." Ya ce shi ba ya fita ba riga. To. Magarya ta gaishe shi, bagaruwa ta riƙe masa hannu, ƙarangiya ta hau shi tun daga ƙasa har aljihu. Kafin mu kai ruwa ɗiyansa mata uku na bayansa suna riƙe da gefen rigar kamar masu shanya. Da munka isa, tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, sunka tashi gaba ɗaya sunka rufe sama, mutumin nan ya buɗe baki ya manta da shadda. Ya ce shekararsa hamsin a jihar nan bai san akwai wannan ba. Shekara ta kewayo ya dawo da 'yar shara da takalmin roba, ya ce kada in gaya wa kowa a birni.

Malama Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Filato, ita ce baƙuwar da ta fi kowa zuwa. Ta ce a garinsu duwatsu ake hawa, nan kuwa ƙasa a shimfiɗe kamar faifai, in ba ta yi tahiya ba ƙafarta ciwo take. Ita ce ta koya mini in daina shafa wa yaro toka a ciwo. Ni kuma na koya mata bambance zalɓe da balbela, wanda har yau ba ta iya ba.

Sai shekarar da ɓarayin daji sunka matso. Ba zan tsawaita ba, kun san ta. Ƙauyukan wajen Rabah sunka watse, manoma na noma ido na bayansu, wa zai ɗauko ɗiyansa ya ce zai kalli tsuntsu? Baba Tukur ya rasu cikin wannan tsakani. Na koma dakon albasa. Amma duk bayan kwana goma, da hantsi, in an ce lahiya, nakan zagaya hanyoyin da ke kusa da gari in kwance in ƙulla, ba baƙo ko ɗaya. Matata ta ce wa kake yi wa? Na ce kaba. Hanya in ka bar ta damina biyu sabara ta cinye ta, kuma laka ba ta jin labarin ɓarayi, ja da baya take yi abinta.

Da abin ya ɗan lafa a wajenmu baƙi sunka fara dawowa, a nan Haliru ya shigo. Sa'ana ne, tare munka yi firamare, shi ya ci gaba ni na bi jakai. Ya yi aikin ofis a ƙaramar hukuma har ya aje, ya dawo gida da tumbi da biro uku a aljihu, anka ba shi sakataren ƙungiya. Ya ce yawon bakin tafki abu ne na zamani, sai an tsara shi. Wata safiya ya biyo ni a baya ban sani ba. Ina durƙushe gaban kaba, na guntsi ruwa na fesa, ina ƙulli na uku, leɓena na motsi da ƙidayar takun da na riƙo, sai na ji an ce, "A'uzu billahi! Ummaru, mi kaka yi nan?"

Na ce, "Aiki."

"Wane irin aiki ne da tohi a ƙulli?"

Na ce, "Irin wanda ba a koyarwa a ofis." Laifina ke nan, na yarda. Da na tsaya na yi masa bayani. Amma mutum ya same ka da ruwa a baki ya yi maka a'uziyya kamar ya ga aljani, bayani ba ya zuwa.

Sauran kun ji. Da anka karɓe aikin, Haliru ya sa anka bi daji da wuƙa anka yanke ƙullina duka, anka tara anka ƙone, har da masu karanta addu'a. Ya kawo alluna na kwano masu kibiya ja, anka kafa su da siminti, da rubutun Turanci. Da siminti, jama'a! A bakin ruwan da ke tahiya! Lokacin da anka kafa su da kaka ne, ruwa na sama, kibiyar na nuna bakin ruwa ta kan tudu, komi daidai. Na je na ce wa shugaban ƙungiya allon da ke wajen tsamiya uku zai yi ƙarya in rani ya yi nisa, don mutane za su ga ruwa ya yi can, su miƙe inda kibiya ta nuna su bar tudu. Ya ce Ummaru ka yi haƙuri, mutane na tsoron maganarka yanzu. Masu sayen albasa ma wasu sun daina ba ni dako. Wata tsohuwa kuwa ta zo har gida da kaza, wai in ƙulla mata bakin surukinta. Na kore ta, na so in riƙe kazar.

Wata ranar Laraba cikin bazara, rana ta take, ina jera albasa a rumfa, sai ga Ɗan'ige masunci a guje, ko hula babu. Ya ce, "Ummaru, taso! Sakatare ya kahe!"

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Wane Sakatare?"

"Kai dai taso, da mata da yara!"

Da na ji yara na aje wasa. Na ɗauki sanda da igiyar jaki, na ce a tuge zana huɗu daga dangar rumfa a biyo ni. Abin da ya faru shi ne, 'yan'uwan Malama Rifkatu sun zo mata hutu daga Filato, ta nemi ni anka ce mata yanzu ƙungiya ke kai baƙi. Haliru da kansa ya ce shi zai kai su, don manyan baƙi ne. Sunka zo tsamiya uku, ruwa ya yi nisa yana ƙyalli, ga fili shimfiɗe, ga kibiya. Malama ta ce masa Ummaru ta tudu yake bi da mu. Ya ce wancan zagaye ne na jahilci, ga hanya miƙaƙƙa a rubuce.

Na same su kamar an dasa. Yara uku a kusa, laka iya ƙwauri, suna tsala ihu. Malama da yayarta iya gwiwa. Haliru, da yake shi ne jagora kuma shi ya fi nauyi, yana can gaba, laka ta kai masa cinya, ya ɗaga hannu sama da biro da takarda kada su ɓaci. Duk motsin da ya yi sai ƙasa ta ƙara haɗiyarsa kaɗan ta yi gyatsa.

Na ce kowa ya tsaya cik. Na shimfiɗa zana bisa ɓawon, na kwanta a kai rub da ciki, don laka tsaye take kama mutum, kwance ba ta iyawa. Na ja jiki na kai ga yaran, na zare su ɗaya-ɗaya kamar rogo, takalmansu sunka zauna can sai wata shekara. Na ba kowa ƙuli-ƙuli, kuka ya tsaya. Matan na ce su zauna da baya bisa zana su riƙa karkaɗa ƙafa a hankali har ta saki. Malama Rifkatu na fitowa, baƙa wuluk har ƙugu, ta dube ni ta fashe da dariya ta ce, "Malam Ummaru, saura inuwa nawa?" Kafin nan masunta da masu ban ruwan albasa sun cika tudu, har da shugaban ƙungiya da wani ya ɗauko a babur.

Saura Haliru. Na matsa da zana har inda sanda za ta kai gare shi, na zauna na tanƙwashe ƙafa.

Ya ce, "Ummaru, ɗan'uwa, miƙo sandar."

Na ce, "Sandar boka? Kai da ka yi Makka? Kada ta ɓata maka alwala."

Tudu ya ɗauki dariya. Ya ce, "Don Allah bar wasa, tana ja na."

"Ba ta ja. Kai ke motsi. Tsaya wuri guda, ƙasa mai tauri na ƙarƙashinka, na auna wurin nan kahin ka san akwai shi. Ba za ka wuce cibiya ba."

"To mi kaka so?"

Na ɗaga murya don na tudu su ji, na ce, "Haliru, tare munka zauna aji guda, ka san ko Fatiha sai da bulala na riƙe ta, ina na ga ƙwaƙwalwar tsafi? Da na iya da tuni na mai da kai kwaɗo, ga shi ka kai kanka rabin hanya ba da taimakona ba. Zan fid da kai, ko ka yarda da abin da zan ce ko ba ka yarda ba, don ba a bar mutum a laka ba, ko da kai ne. Bambancin dai, in ka yarda yanzu ne, in ba ka yarda ba sai na je na yi la'asar na ci abinci na dawo. Aikin ku riƙe in kuna so, ku da allunanku. Sunana nika so. Jibi Juma'a, inda ka tsaya ka ce ni boka ne, nan za ka koma ka tsaya, da wannan muryar taka ta ofis, ka ce ba ka san abin da ka gani ba kuma ba ka tambaya ba. Ka ce ɗiyan mutane su daina gudu in sun gan ni. In ka ji, jefar da biron nan ka kama sanda da hannu biyu, don hannu ɗaya ba ya ɗaga tumbin nan."